Zuberu Mai Haƙar Rijiya da Fitilarsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga Maris, 1983, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Zuberu mai haƙar rijiya na unguwar Maamobi, a cikin rijiyar lambuna da ke unguwar Alajo. Ni nake riƙe da igiyar.

Malam Zuberu, shekara goma sha biyu ke nan da zuwanka daga Dosso, kuma duk mai lambun albasa ko latas a Alajo ya amfana da guminka. Kai ne kake ɗanɗana laka da harshe, ka ce ruwan nan zai yi gishiri, a matsa gaba. Mukan tsokane ka da mai cin ƙasa, ka yi murmushi, kuma ba ka taɓa kuskure ba. Da rijiyar tsohuwa Lariba ta rufta, da azumi a bakinka ka yashe mata ita.

Ƙa'idarka ɗaya ce: kafin ka sauka sai ka kunna fitila ka zura ta cikin ramin. In ta mutu a ƙasa, iskar ramin ba ta shaƙuwa, ranar babu shiga.

Bana fari ya tsananta. Kowa ya ƙara wa rijiyarsa zurfi, ruwan kuwa sai ƙara nisa yake yi. Tawa ta ƙafe, albasata ta fara kwanciya, ita ce kuma abincin 'ya'yana. Na roƙe ka ka ƙara mini zurfi. Ka zura fitila, ta mutu. Na ce ai kananzir ne ya ƙare, alhali da hannuna na cika ta. Ka girgiza ta, mu biyu muka ji kananzir yana motsi. Ka daɗe kana kallon albasar.

Ka ce, "Seidu, riƙe igiyar da kyau."

Na ji saran diga kaɗan, sannan shiru, igiyar ta yi nauyi.

Kwana uku bayan jana'iza ruwa ya taso, garau, babu gishiri. Albasar ta miƙe. Kullum in na jawo guga, nauyinka nake ji a hannuna, kuma har yau na kasa kai ruwan nan bakina.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga Alkausara. Allah Ya ba matarka Ayishetu da 'yarka Zuera haƙurin wannan rashi.

Ayishetu, ranar sadakar uku kin tambaye ni ko ya manta da gwada fitila ne, na ce ban lura ba. Bai manta ba. Ya gwada, ta mutu, ni na ce ya sauka. Ki yafe mini.