Amin Ɗin da Mama Ta Ƙi Cewa

Ni ne na yi kuskure, gara in faɗa tun farko.

Shekarun baya, lokacin da jam'iyyu suka yi yawa a Garwa, aka zo zaɓen meri, wato masu riƙe mana gari. A unguwarmu mutum biyu ne ake ji da su. Ɗaya ɗan cocinmu ne. Ɗayan kuma ɗan Hajiya maƙwabciyarmu, mai shagon atamfa a kasuwa. A lokacin an fara ba ni jagorancin addu'a a sujada. Karatuna bai yi nisa ba, amma murya akwai ta, kuma ina son a ji ta.

Lahadin da ake shirin zaɓe aka ce in yi addu'a domin ƙasa. Na fara lafiya lau, sai na karkata. Na ce Ubangiji ya ɗaukaka nasa, ɗan cocinmu, ya kunyata ɗan Hajiya, ya sa ya kasa ɗaga kai a kasuwa. Da na ce "cikin sunan Yesu", na ɗan buɗe ido in ga yadda amin za ta tashi. Coci ya ɗauka gaba ɗaya. Mahaifiyata kuwa, a layin zumuntar mata, bakinta a rufe gam.

Maimakon in tambaye ta a gida, sai na je wurin shugabar zumunta na ce Mama ta koma bayan 'yan waje, wato ɓangaren ɗan Hajiya. Mama ce mai buga musu tulu in suna waƙa, tun ina ƙarami. Cikin makon nan suka karɓe tulun, suka ce ta ɗan huta tukuna. Ba ta yi gardama ba. Ta ɗaure kayanta ta tafi Ngong wurin ƙanwarta, wai za ta taya ta cirar gyaɗa.

Zaɓe ya wuce, gyaɗa ta ƙare, Mama ba ta dawo ba. 'Yan takarar nan biyu kuwa na gan su da idona a wani suna, hannunsu cikin kwano ɗaya. Wata safiya Hajiya ta leƙo gidanmu ta ce, "Kai malam mai addu'a, ina ka kai min ƙawata? Na ji ka kai ƙarar ɗana sama. Kai da ka jiƙa min zane sau nawa kana goye a bayana!" Tana faɗa tana dariya. Ni ban iya dariyar ba. Na shiga motar Ngong.

Na tarar da Mama tana ɓarar gyaɗa a gindin dalbejiya. Na durƙusa na gaishe ta, na fara kame-kame.

Ta ce, "Tsaya, ɗan nan. Ya aka yi ka san ban ce amin ba? Ba idonka a rufe yake ba?"

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Ta ce, "Ƙuri'ata na yi addu'a a kanta, na duba wanda zai tuna da marasa ƙarfi, na jefa, kuma ba zan gaya maka ko wa na ba ba. Amma in roƙi Ubangiji ya kunyata yaron da aka haifa a hannuna? Yesun da na sani bai koya min haka ba."

Har yau ina zaɓe, ina ma zuwa taron siyasa. Amma tun ranar na daina ba wa Allah sunan ɗan takara kamar ina aiken yaro. Nakan roƙa ya gyara min zuciya, sannan in je in zaɓa.

A gindin dalbejiyar nan na ce wa Mama ta yafe min. Ta ce ita ta yafe tuntuni, amma ba a gindin dalbejiya na ɓata ta ba.

Muka dawo Garwa tare. Lahadi na miƙe a gaban coci. Na ce, "Iyayena mata, ƙarya na yi wa Mama. Ba ta saida kowa ba. Ni ne na mai da addu'a yaƙin neman zaɓe, na ja ku kuka ce amin a kan ɗan maƙwabcinmu. Ku mayar mata da tulunta. Mama, na yi miki laifi a gaban jama'a, a gabansu nake roƙon ki. Ki gafarta min."