Kashe-Kunna da Lambar da Ba Ta da Suna

Kwalejinmu ta daƙile harin leƙen asiri mafi muni a tarihinta, kuma sa idon Shugaba ne ya ceci sakamakon ɗalibai dubu huɗu. Haka sanarwar ta ce. Tana nan manne a allon ofishin magatakarda, da hatimi, da sa hannun da ya cinye rabin takardar.

A bayan allon akwai wani ɗaki da a da ma'ajiyar tsintsiya ne. Nan matar da muke kira Kashe-Kunna ta yi shekara ashirin da shida tana kula da kwamfutocin kwalejin, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Sunan ya fito ne daga tambayarta ta farko ga duk wanda ya zo mata da kuka: "Ka kashe ka kunna?" Masu digiri uku sun sha fita daga ɗakin nan a fusace, su dawo bayan minti biyar su ce ai abin ya gyara kansa.

Ƙarfe bakwai take isowa, kafin mai shara. Ta taɓa jikin babbar kwamfuta da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓi, ta tabbatar ajiyar bayanan jiya ta kwafu, sannan ta rataya jakar sukundireba ta bi ofis-ofis. A gabana ta ceto kundin digirin wani abokin aikinmu daga kwamfutar da ya shayar da shayi. A shafin godiyar kundin ya ambaci mutum goma sha tara, har da direbansa. Ita ba ta samu shiga ba.

Sai Shugaba ya je taron kwana biyu kan tsaron intanet, ya dawo da jaka da satifiket. Washegari ya zauna yana danne-danne a foldar sakamakon jarrabawa, har ya buɗe wurin da ake jera waɗanda ke da izinin shiga. Ga sunansa, ga na magatakarda. A ƙasa kuma ga wani abu da kwamfuta ta kira asusun da ba a sani ba, da doguwar lamba kamar ta bayan katin waya. Kafin tsakar rana an tara mu duka, an dakatar da darasi.

"An shigo mana," in ji shi. "Sun dasa cuta a kwamfutocinmu, kuna nan kuna shan iska."

Kashe-Kunna ta leƙa allon kwamfutar ta kan kafaɗarsa. "Ranka ya daɗe, ba ɓarawo ba ne. Idan ma'aikaci ya bar aiki aka goge asusunsa, kwamfuta takan manta sunansa ta riƙe lambarsa. Kamar ƙusa ce da aka cire hoto aka bar ta a bango. Ba mai iya shiga da ita."

"To lambar wa ce?"

A nan ta yi kuskuren da na san ta da shi tun tuni: an tambaye ta, ta faɗi gaskiya. Ta buɗe littafinta mai baƙin bango, ta bi layi da yatsa. "Ta Baba Tafireta ce."

Baba Tafireta tsohon mai buga takardun ofishin Shugaba ne. Shekara biyu da suka wuce ya nuna wa Shugaba, a gaban baƙi, cewa ya karanta shafi ɗaya sau biyu a jawabinsa. Bai ƙara wata uku a aiki ba. Yanzu yana zaune a tsallaken titi da injin fotokwafi guda ɗaya, yana ciyar da mutum bakwai.

"Da ma na sani," in ji Shugaba. "Magatakarda, rubuta wa 'yan sanda."

Mu malamai hamsin da biyu, masu koyar da yadda ake tantance hujja, muka zuba wa takalmanmu ido. Ita kaɗai ta ce a ba ta kwana biyu.

Ke ce, Kashe-Kunna, kika bi kwamfuta tamanin da ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Ke ce kika zazzage bayanan shige da fice kika nuna ba a taɓa foldar da lambar nan ba tun ranar da tsohon ya miƙa makullinsa. Kin kuma samu cutar, don akwai ta: tana cikin kwamfutar Shugaba, ta shigo tare da wata manhajar kyauta da ya sauke don ta ƙara mata sauri. Kika bari ya fita cin abinci kika cire ta. Da mataimakiyarsa ba ta gan ki ba, da har yau ba mu sani ba.

Sai dai sanarwa ta riga ta hau allo, an kuma aika wa hukumar gudanarwa. Hari kuwa yana bukatar maharin. Magatakarda ya same ta a ɗakin tsintsiya, ya rufe ƙofa, ko da yake bangon katako ne kuma ofishina na jikinsa.

"Yaya, ki gane. Ba zai janye ba. In ba Baba ba, to wa?"

"Ka rubuta ni ce na bar lambar ban share ba."

"Amma sau biyu kika rubuto kina neman izinin sharewa. Takardun suna kan teburinsa."

"Ka taɓa ganin an kai tebur caji ofis? Rubuta kawai."

Aka rubuta. Rahoton ya ce sakacin jami'ar kwamfuta ne ya buɗe ƙofar da Shugaba ya rufe a kan lokaci. Wasiƙar 'yan sanda ba ta fita ba.

Mun gode, Yaya, mai gyara ba a gani ba. Kunya ce ta sa na rubuta wannan, kuma ta makara. Ga sauran jama'a, ba na ce ku ɗauki laifin da ba naku ba. Wannan sai irinta. Abin da nake roƙo bai kai haka ba. In kun ga abin da ba ku gane ba a kwamfuta, ku tambayi wanda ya sani kafin ku nemo maƙiyi. In ya ba ku amsa a gaban manya, ku ɗaga kai daga kallon takalmi.

Jiya aka ba ta takardar gargaɗi, ta farko a shekara ashirin da shida, wadda ta soke mata lambar yabon daɗewa a aiki. Dokar ofis ta ce ta kawo kwafi uku. Injin kwaleji ya lalace, don haka ta tsallaka titi. Baba Tafireta ba ya karanta takardun mutane. Ya kifa ta a gilashi, ya danna.

"Haba 'yar'uwa, ke ma sai kin biya? Bar shi."

Ta ajiye kuɗin a kan injin, ta ce ya gaida mutanen gida.