Makon da Kaka Ta Zaɓa

Har yau in na bi ta lungun bayan kasuwar Nima, a birninmu Ankara na bakin teku, da safe, na ji ƙamshin karan dafi yana tafasa cikin ruwan wake, sai ƙafata ta rage sauri da kanta. Wanda bai tashi a unguwannin baƙi na Zongo ba zai ce ƙamshin waakye ne kawai, shinkafa da waken nan da ake sa wa kara su yi ja. Ni kuwa ƙamshin tsakar gidanmu ne a Maamobi, da kakata ta wajen uwa zaune a kan guntun benci, tana juya tukunyar da ta fi ni girma.

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, kwanonsa ya yi tsatsa, famfo ɗaya muke layi a kai. Akwai Dagomba, akwai Kotokoli, akwai Zabarmawa, kowa da yarensa a ɗaki, amma in an fito tsakar gida Hausa ake yi, irin tamu ta Ankara wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Kaka ce kaɗai Hausarta ta fita daban. A nan aka haife ta, ubanta ɗan sanda ne tun zamanin Turawa, amma in ta yi magana sai ka rantse jiya ta sauka daga arewa. Na taɓa tambaya, aka ce a bakin mijinta ta ɗauka. Daga nan ba a ƙara mini komai ba. Mu uku ne a ɗakinmu, ni da Mma, wato mahaifiyata, da Kaka. Babana yana aiki a Tema, sai ƙarshen wata muke ganinsa.

Ina da shekara goma sha biyu, cikin damina, lokacin da babban kwalbatin unguwa ke cika har ya kwaso takalman mutane, malaminmu na makarantar boko ya ba mu aikin gida. Ya ce kowa ya rubuta: in an ba ka zaɓi ka rayu a kowane zamani da ya wuce, wanne za ka ɗauka, kuma don me? Ya ce mu tambayi manya a gida.

Da yamma na fito da littafina tsakar gida. Dattijon da ke da gidan hayarmu ya ce shi zamanin Turawa zai koma, lokacin da mutum ke tsoron zubar da shara a bakin hanya. Wata maƙwabciya ta ce ita shekarar samun 'yanci, don a lokacin har talaka yana cin nama. Aka yi ta musu ana dariya. Kaka tana gefe tana wanke kara a roba, sai na matsa mata ita ma ta faɗi nata.

Ta ce, "Makon da aka kori baƙi."

Dariyar ta tsaya. Duk wani babba a gidan ya san shekarar da gwamnati ta ba duk baƙon da ba shi da takarda kwana goma sha huɗu ya bar ƙasar. Mutanen Zongo ba sa son tuna ta, balle a ce an zaɓe ta. Mma ta ɗago kai daga wankin kwanoni ta ce, "Inna, don Allah ki bari." Kaka ta zubar da jan ruwan, ta shige ɗaki.

Washegari Asabar, muna tsince wake mu biyu a faranti ɗaya, ta ba ni labarin ba tare da na tambaya ba, kuma ba ta dube ni ba har ta gama.

Kakana tela ne, mutumin wani ƙauye a ƙasar Sakkwato. Ya zo Ankara yana saurayi, bai taɓa tunanin wata takarda ba. Da umurnin ya fito, suna da yara biyu, namiji ɗan shekara shida, da Mma tana goye. Uwar Kaka kuwa tana kwance, rabin jikinta ya mutu, ba mai juya ta sai ita. Suka kwana uku suna shawara. A ƙarshe ya sayar da keken ɗinkinsa, aka yanke zai tafi da yaron, ita ta biyo su in tsohuwa ta samu sauƙi.

A tasha, ta ce, mutane sun fi ƙasa yawa, ga ƙullin kaya, ga tukwane, ga kuka. Da aka zo hawa babbar motar katako, yaron ya riƙe zanenta da hannu biyu. Uban ya ja, ya ƙi saki. Sai ta durƙusa ta ce masa, "Hau ka zauna kusa da babanka, zan sayo maka ƙosai in dawo yanzu." Ya sake ta, ya hau da kansa.

Ta zagaya bayan rumfar wani mai kananzir ta tsaya. Ta ɗauka motar za ta tashi nan take, amma ba ta tashi ba sai bayan la'asar. Tun hantsi tana tsaye a wurin, ta sa wa jaririya nono a baki don kada kukanta ya tona su, tana jin muryarsa daga saman mota yana tambayar mutane ko sun ga innarsa. Da farko yana tambaya, daga baya ya koma kira, daga baya muryar ta dushe.

Tsohuwa ba ta samu sauƙi ba, ta yi shekara bakwai a kwance kafin ta rasu. Wasiƙa biyu kawai suka zo daga arewa. Ta biyun ba rubutun kakana ba ne, ta'aziyyarsa ce.

Na ce, "To Kaka, me ya hana ki tafiya bayan nan?"

Ta ce, "Da wane ido?"

Na ce, "In kin koma makon, hana shi tafiya za ki yi?"

Ta girgiza kai. "Ba ni da ikon haka, 'yar nan. Zan tsaya a gindin motar ne, in ce masa yau ba zan bi ku ba. Ya yi kukansa a jikina har ya gaji. Ya tafi ya san gaskiya."

Yarinta ba ta san abin da ake rufewa ba. Na rubuta duk wannan da Turancina na 'yar makaranta, na kai. Malam ya karanta a gaban aji, ni kuwa ina ta jin daɗi an yabe ni. Kafin kwana biyu labarin ya zaga unguwa. Masu zuwa sayen waakye suka riƙa duban Kaka da wani irin tausayi, wasu har da tambaya. Mma ta kama kunnena a bayan ɗaki ta ce, "Wa ya aike ki ki kwashe cikin ɗakinmu ki kai makaranta?" Dukan da ta yi mini bai dame ni ba kamar yadda Kaka ta kwana uku ba ta kira ni tsintar wake ba.

A rana ta huɗu wani mutum ya yi sallama a ƙofar gida. Uban wata 'yar ajinmu ne, falke mai kai goro arewa sau biyu a shekara. 'Yarsa ta ba shi labarin. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya gaida Kaka, ya tambayi sunan ƙauyen. Da ta faɗa, ya ce ya san kasuwarsu, ranar Laraba take ci. Ya ce, "Kaka, in kina da saƙo, ni ɗan aike ne."

A lokacin wanda bai iya rubutu ba a kaset yake aika magana. Muka aro rediyon mai gida. Kaka ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na Sallah, ta sa turare, kamar akwatin yana ganinta. Ta kori kowa daga ɗakin sai ni, don ni na san abin dannawa. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta gaida dangin da ba ta taɓa gani ba ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta kira ɗan nata da sunan da take kiransa yana ƙarami, ta ce, "Ban je sayen ƙosai ba. Ina bayan rumfa, ina jin ka. Ka yafe mini." Ta yi mini alama in kashe. Washegari aka miƙa wa falke kaset ɗin.

Damina ta wuce, zafin rani ya shigo, falke bai dawo ba. Kaka ta canza wurin ajiye teburinta, ta mai da shi inda take hango bakin lungu. Sai bayan wata bakwai da tafiyarsa ya iso, da kaset a cikin aljihun gaba, a naɗe da leda. Ya samo ɗan Kaka. Yana da rai, manomi ne, yana da mata da 'ya'ya biyar.

Na zaci za ta ce a shiga ɗaki, amma ta ce a sa a tsakar gida, tunda kowa ya riga ya ji farkon. Muryar babban mutum ta fito, Hausa mai nauyi irin ta Sakkwato, rabinta ban gane ba. Kaka ta dafa gwiwa ta ce a hankali, "Muryar ubansa."

Ya yi gaisuwa cikin ladabi. Ya ce, "Hajiya, na ji saƙonki." Ita da ba ta taɓa zuwa Makka ba. Ya ce ƙanwar babansa ce ta rene shi, ita yake kira Inna, ta riƙe shi da amana. Ya ce batun tasha kuwa, wallahi bai tuna komai ba, ko motar bai tuna ba, don haka kada ta sa wa ranta damuwa, babu abin yafewa. Ya ce in Allah ya yarda zai zo bayan girbi.

Matan gida suka yi ta hamdala, wata har da guɗa. Kaka ba ta motsa ba. Da aka watse, ina naɗe wayar rediyon, na ji ta ce, ba da ni take ba, "Ashe ni kaɗai na zauna a tashar nan."

Ban san ko sauƙi ta samu ko wani sabon ciwo ba, har yau ban sani ba. Ba ta sake neman a sa mata kaset ɗin ba. Girbi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, shi bai zo ba. Ba na zarginsa, hanya da nisa, kuma mutum ba ya barin gonarsa don matar da bai tuna fuskarta ba. A daminar da ta biyo baya Kaka ta kwanta, kwana tara ta yi kafin ta rasu, Mma ce ke juya ta kamar yadda ita ta juya tata uwar.

Yanzu an rushe gidan, an yi bene mai shaguna a ƙasa. Tafiyar da ta ɗauki falke wata bakwai, yau ɗan yatsa ke yin ta. Kawun nawa ya rasu shekarun baya ba mu taɓa haɗuwa ba, amma 'ya'yansa sun nemo ni a waya. Mukan kira juna da Sallah, mu ga fuskar juna, su yi dariyar Hausata, in yi dariyar tasu, sai kuma magana ta ƙare mu yi ta maimaita gaisuwa.

Sallar da ta wuce ina gidan Mma a unguwar Kawukudi suka kira. Na miƙa mata wayar, na ce ga 'ya'yan yayanki. Ta gaishe su da fara'a, ta sa musu albarka, ta dawo mini da ita. Bayan na kashe ta juyo wurina.

Ta ce, "Kin san me ya sa na doke ki ranar nan? Ba don makaranta ba ne. Tun ina yarinya nake tashi da asuba ina hura mata wuta. Ban taɓa kwana a wani gari ba don kada ta waiga ta rasa ni. Aka ce ta zaɓi lokaci, ta zaɓi makon da nake goye a bayanta, inda ko ganina ba ta yi."

Na buɗe baki in kare Kaka, sai na ga ba kariya ake nema ba. Duk shekarun nan ina ba da labarin nan a kan uwa da ɗanta, ban taɓa lura da jaririyar da ke goye a tashar ba. Na ajiye jakata, na aika wa mijina saƙo cewa yau a nan zan yini.