Yaya Habi, Wadda Ta Kwance Ɗiyata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga watan Afrilu 2025, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran yayata Habi a asibitin Maraɗi, tana da shekara arba'in da ɗaya. Ba jinya ta yi ba. Dukanta aka yi, kuma a kan ɗiyata aka dake ta. Da wannan na fara, don kada mai karatu ya ɗauka ni Tahiru ba ni da hannu a ciki.

Yaya, a ɗaki ɗaya aka haife mu a Gidan Sori. Aure ya kai ki Gazawa, gidan Malam Rabo tela, ni kuma koyarwa a lakol, wato makarantar boko, ta kai ni Agiye. Da Allah Ya ba ki Jaye, kowa ya yi murna. Sai ya shekara uku bai ce uffan ba. A kira sunansa ba ya waiwaye. Idan abin ya motsa masa, sai ya yi ta buga goshi da bango har jini ya wanke masa fuska. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce ɗan ruwa ne, a kai shi bakin gulbi a bari.

Ba ki taɓa ɓoye cewa ke ma kin bi masu magani ba. Akwai wanda ya sa ƙarfe a wuta ya yi wa yaron sakiya a gefen kai, sau huɗu. Kin sha gaya mini: "Ni na danne mishi ƙafafu, Tahiru. Da hannuna. Yana kallona." Daga ranar ba ki sake barin wani ya taɓa shi ba.

Wata likita a Maraɗi ce ta faɗa miki sunan abin: otizim, wanda a ƙetaren iyaka ake ce wa galahanga. Ta ce haka aka halicce shi, babu allurar da za ta cire shi, duka kuma ƙara shi yake. Kika dawo gida kika zuba masa ido. Ke kika lura cewa ranar da cikinsa ya kumbura, ranar ce ya fi yi wa kansa rauni. Sai kika shiga janye abinci ɗaya bayan ɗaya, kowanne mako biyu, kina lura. Kika cire burodi da taliya. Kika cire alewa da lemun kwalba. A ƙarshe kika cire nono, har maƙwabta suna dariya wai a gidan Rabo gaya ake dama fura. Kika riƙe gero da wake da zogale da ƙwan zabi, da zuma cokali ɗaya da safe, da man kaɗanya da kike murza masa a ƙafa in ya fara firgita, Malam Rabo na yi masa addu'a a ka.

Jaye bai yi magana ba, har yau da yake shekara goma sha huɗu. Amma cikinsa ya lafa, barci ya samu, bangon ɗakinku ya daina ɗaukar jini. Ba kullum ba. Na ga ranar da ya kafa miki haƙora a dantse har suka nutse, kika rungume shi da ɗaya hannun kina ce masa "yi haƙuri, yi haƙuri," kamar ke kika cije shi.

Labari ya bazu. Mata suka riƙa zuwa daga ƙauyuka a amalanke, da yaran da ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki idan an yi baƙi. Ba ki taɓa ce wa ɗayarsu kina da waraka ba. Abin da kike cewa shi ne: "Ni ba ni da magani. Abin da na gwada nike faɗa miki, wani ya karɓe shi, wani bai karɓe shi ba. Ki je likita. Amma ko wa ya ce zai buge shi, ki ɗauke ɗanki ki gudu."

Sai abin ya shigo gidana. Ɗiyata Farida ta shekara huɗu ba baki, tana toshe kunne tana kururuwa idan babur ya wuce. Kika zo Agiye da ƙullin garin gero da busasshen zogale, kika kwana biyar kina koya wa matata Nazira. Muka yi wata biyu a kai. Yarinya ta samu barci, amma ni magana nake so. Kunya nake ji, ni mai koya wa 'ya'yan mutane karatu, a ce tawa ba ta iya cewa Baba. Ranar da kika sake zuwa na ce miki, "Shekara goma kina dama kunu, Jaye ya taɓa ce miki Inna?" Kika dube ni, kika ɗauki mayafinki. Ban taɓa faɗa wa mutum magana mai muni irin wannan ba.

Bayan ƙaramar Sallah na ɗauki Farida na kai ta wurin wani mai magani da ake kira Jika, a wata tunga arewa da Agiye. Ya ce kwana bakwai aljanin zai fita, bakinta ya buɗe, amma iyaye ba sa shiga. Na miƙa ta na juyo. A kwana na uku Nazira ta kasa daurewa, ta kira ki a waya.

Asabar da hantsi kika sauka daga kabu-kabu a ƙofar gidana. Ko gaisawa ba mu yi ba. Kika ce, "Tashi ka kai ni." Na ɗauko babur.

Rana tsaka muka isa. Ba ki yi sallama ba, kika ture ƙyauren kara kika shiga, ina bayanki. Yara ne ɗaure a turaku cikin rana kamar awaki. Daga wata bukka hayaƙin barkono na fita, ana jin tarin yaro a ciki. Farida na kwance a gindin turke, igiya ta ci mata idon sawu, bayanta duk shatin tsumagiya, wasu sun fashe ƙuda na bi. Bakinta a buɗe yake tana kuka, amma muryar ta ƙare.

Ashe da wuƙa kika zo a ƙugunki. Kika durƙusa kika yanke igiyar. Jika ya fito yana ihu wai kin karya masa aiki, aljanin zai koma kan sauran. Kika ce masa, "Mi ta yi muku? Shekararta huɗu!" Mutanensa biyu suka taso, ɗaya da gora. Kika ɗauki Farida kika manna a ƙirji, kika duƙa a kanta. Ta farko ta sauka a gadon bayanki. Ta biyu ta karya miki hannu, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Ta uku a ƙeya. Kika kife, amma ba ki sake ta ba, ko ƙwarzane ba ta ƙara samu ba.

Duk wannan ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo. Sai da kika faɗi na ruga. Mutanen tungar suka cika gidan, masu dukan suka haura dangar baya. A amalanke muka kai ki bakin hanya, jini na fita ta kunnenki yana jiƙa zanen da na tallafe kanki da shi. Sau ɗaya kika buɗe ido. Kika ce, "Ku ba ta ruwa kaɗan kaɗan, kar ku ɗura mata." Daga nan ba ki sake magana ba, har kwana ukun da kika yi a Maraɗi.

Jandarma sun kama Jika da mutanensa, sun kwance yara shida sun mayar wa iyayensu. Maganar tana hannun shari'a. Farida na gida, raunukan suna bushewa.

Ranar jana'izarki a Gazawa mata sun cika gidan har waje, kowacce riƙe da hannun ɗanta. Wani na kaɗa hannuwa, wani na kururuwa, wata na jujjuyawa wuri ɗaya. Babu wanda ya ce a fitar da su.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya. Allah Ya yafe miki kurakuranki, Ya yalwata kabarinki, Ya karɓe ki cikin shahidai, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarmu Inna Tala a Gidan Sori, da mijinki Malam Rabo, wanda har yau bai ɗaga mini murya ba, da dukan matan da suka rasa wurin zuwa. Jaye kuwa ba mu san yadda za mu gaya masa ba. Allah, Kai da Ka san harshensa, Ka sanar da shi, Ka sanyaya masa.

Duk wanda ya karanta wannan, in ya yi wa Habi addu'a, ya roƙa mini gafara ni ma. Ban samu na roƙe ta tana ji ba.