Ƙararrawar Idi

Duk wanda ya san taubashina Idi ya san ƙararrawar kekensa. Mutane na kaɗa tasu don a ba su hanya, shi kuwa gaisuwa yake da ita. Tsohuwar rijiya, ƙirrin! Kukar da ayarin fatake ke sauka a gindinta, ƙirrin! Sai ya sauka ya kawo maka tarihin wurin, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Tafiyar Gwaram da mai babur ke yi daga Birnin Kudu ya dawo kafin azahar, Idi sai ya kwana a hanya. Abin da ke cin ransa ɗaya ne, kullum yana maimaitawa: "In na mutu, wa zai riƙa gaishe su?"

Na taɓa yin gangancin raka shi ɗaurin aure Wurno, kowa da kekensa. Muka zo hawa, ya sauka yana turawa.

Na ce, "Lafiya, Taubashi?"

"Sarƙa nake tausayi."

Muka zo gangara, ya sake sauka.

"Yanzu kuma fa?"

"Birki nake tattali."

"To kai yaushe kake hawa?"

Ya harare ni ya ce, "Kai kullum kake saka rigar sallarka?"

Kafin mu isa an shafa fatiha, ko ɓawon goro ba mu tarar ba. Wallahi ranar kamar in shaƙe shi.

Ga shi da ƙarin gishiri. Wasu baƙi suka zo ganin zanen shanun nan na jikin dutse a Birnin Kudu, tsautsayi ya haɗa su da Idi. Suka tambaye shi wa ya zana su.

"Zana? Kayya! Shanun kakana ne. Ya ji masu jangali na tafe, ya manna su a dutse."

Wani Bafulatani da ke kiwo a gefe ya ce, "To Malam Idi, ai an daina jangali, ka sauko da su mana."

Idi ya ce, "Jauro, da irinku a kusa? Suna nan daram!"

Wuri ɗaya ne ba ya ƙarin gishiri. A hanyar Surko akwai wani fili, babu gida babu bishiya, sai 'yan duwatsu a jere cikin ciyawa. Kufan ƙauyensu ne, a nan aka binne mahaifiyarsa tun yana goye. In ya zo nan sai ya kaɗa ƙararrawa a hankali, ya wuce.

Wata shekara wani Alhaji ya sayi gonar da ke kewaye da wurin, ya kawo tarakta. Idi ya ji labari. Jama'a, ranar aka ga Idi a kan keke, yana sheƙa gudu, ko birki bai taɓa ba! Ya shimfiɗe keken a gaban tarakta, shi ma ya miƙe kusa da shi.

Alhajin ya ce, "Haba Baba, ai babu kowa a nan."

"Akwai Innata. Ka fara da ni, ni ma ƙashi ne kawai ya rage."

Alhajin ya sa aka janye tarakta. Ya sa aka kewaye wurin da ƙaya, har yau garma ba ta taɓa shi ba.

Da Idi ya rasu bara, iyalinsa suka ba ni keken. Na ɗauka ni kaɗai zan riƙa gaisuwar, ina tsoron in na bi shi shi ke nan. Rannan na hau acaɓa, muna zuwa kufan yaron da ke tuƙa ni ya danna hon. Na ce, "Wa kake wa?"

Ya ce, "Innar Baba Idi mana."

Na share hawaye da bakin riga.

Allah ya jiƙanka, Taubashi. Ya haɗa ka da Innar da ba ka san fuskarta ba, a inda babu hawa babu gangara.