Ranar da gumi ya ɗauke wa maigidana

Shekarun baya, damina ta yi mana gardama, ruwa ya ɗauke gero yana tsaka da ɗaukar ciki. Kafin bazara rijiyoyin ƙauyenmu na wajen Ɗanbatta duk sun ƙafe. Maza suka haɗu za su ƙara wa rijiyar bakin masallaci zurfi, maigidana yana cikinsu, da ɗan koko kawai a cikinsa.

Wajen azahar aka shigo mini da shi ranga-ranga. Jikinsa zafi rau kamar kasko, jijiyoyin goshinsa sun tashi raɗa-raɗa, amma fatarsa a bushe ƙamas, babu ɗigon gumi. Yana ta sambatu, yana kirana da sunan yayarsa da ta rasu. 

Ni da wayona sai na rarumo bargo, wai zazzaɓi ne, a lulluɓe shi ya yi gumi. Surukata kuwa ta ce iskar rijiya ce, ta shiga neman garwashin hayaƙi. Allah Ya kawo maƙwabcinmu malamin asibiti. Yana taɓa shi ya yaye bargon.

Ya dubi surukata ya ce, "Inna, ina ruwa?"

Randa ɗaya gare mu, ita ma daga wani ƙauye na ɗebo ruwan cikinta da asuba. Surukata ba ta ko dube ni ba, ta fara kwarara masa. Muka jiƙa zannuwa, muka hau fifita da faifai. Malamin yana fifita yana faɗa mana cewa akwai ƙananan jijiyoyin jini a ƙarƙashin fata, in zafi ya yi yawa sai su buɗe, jini ya taso kusa da fata, gumi ya kwashe zafin. Shi kuwa ruwan jikinsa ya ƙare, zafin ya rasa mai fitar da shi. Ni dai numfashinsa nake kallo, in ya ja ɗaya sai in ga kamar ba zai ja na biyu ba.

Sai da randa ta kusa ƙarewa ya buɗe ido ya kira sunana daidai. Aka sa shi a mota zuwa asibiti, aka yi masa ƙarin ruwa.

Da can mita nake yi in ya dawo daga gona riga sharkaf tana tsami. Yanzu ko sannu da zuwa ban gama ba nake duban goshinsa. In na ga gumi na tsattsafowa, sai in ce alhamdulillahi, in je in kawo masa ruwa.