Surukata da gwajin fitsari

Duk tsawon shekarun da na yi a ɗakin gwaji na asibitinmu a Gummi, ba zan taɓa manta lamarin surukata ba. Inna muke ce mata, kuma ta daɗe da ciwon suga.

Wata rana ba na nan, abokiyar aikina ta gwada fitsarinta, ta ga furotin ɗan kaɗan. Irin wannan, in sau ɗaya ne, ba ya ta da mini hankali. Zazzaɓi na kawo shi, aikin wahala ko ƙarancin shan ruwa ma haka. Amma ga mai suga, in ya sake fitowa, alama ce ƙoda ta fara taɓuwa, kuma lokacin ne magani ya fi amfani. Sai aka ce ta dawo da fitsarin farko na safe.

Ashe a ranar Inna ta gano cewa a ɗakin nan nake aiki. Ta ce wa matata, "Ni? In kai abin nan gaban mijinki? Gara in mutu!"

Wallahi na ji haushi. Na ce ƙoda ake magana, wace kunya kuma? Na aika saƙo ya fi sau biyar. Har takarda na zana, in nuna mata yadda ƙoda ke tace jini. Tana jin sallamata ta ja mayafi ta shige ɗaka. Wata guda ya wuce, tsoro ya fara kama ni.

Matata ce ta ce, "Malam, ba bayani take nema ba. So take ka ɓace."

Washegari da safe na tsaya da mashin a ƙofar gidanta, na ɗaga murya: "Inna, zan tafi Bukkuyum, sai la'asar!"

Daga ciki ta ce, "Allah shi kiyaye hanya."

Ko awa ba a yi ba ta isa asibiti. Furotin ɗin na nan kuwa. Likita ya ɗora ta kan magani, ya gyara mata na suga. Alhamdulillahi, yau ga ta nan garau, tana kiwon awakinta.

Har yanzu in lokacin gwaji ya zagayo, sai ta ce wa matata, "Mijinki bai da zuwa Bukkuyum gobe?" Ni kuwa in sha mai in tafi, ba abin da zan yi can sai cin tsire.

A nan na koyi cewa sanin cuta bai isa ba, sai ka san mai ita. Wani lokaci babban taimakon da za ka yi wa mutum shi ne ka ba shi wuri.